Shin ƙarin gudu ma yana da iyaka kamar yadda gudu ke da ita?

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in maimaita tambayar taka a taƙaice don wanda bai gani ba. Ka ce kai ɗan Daura ne kana aji biyu a jami'a, an koya maku cewa babu abin da ke kamo haske a gudu, shi ne kake son sanin ko shi ma ƙarin gudu, wato akselareshan, akwai inda in an kai ba a wucewa. Ka kuma ce ka zauna da kalkuleta ka ga wai in abu ya riƙe g ɗaya, wato ƙarin gudun da dutse ke yi in ya faɗo, har shekara guda zai kamo haske, abin ya ɗaure maka kai.

Tau ga amsar a dunƙule kafin in warware ta. A cikin ka'idojin da aka gwada aka tabbatar, na Newton da na Einstein duka biyun da na kwantom mai magana kan ƙananan ƙwayoyin zarra, babu wata doka da ta ce ga adadin ƙarin gudun da ba a wucewa. Amma akwai wasu lambobi guda uku da za ka riƙa cin karo da su ana kiransu iyaka, kuma abin da nike so ka fita da shi daga nan shi ne dukkansu lissafi ɗaya ne ya haife su, tsawon da ake sakawa a ciki ne kawai ke canzawa.

Mu fara daga ƙasa. Mota mai lafiya ta bar Katsina ta hau titin Daura, direba ya take totur, maleji ya tashi daga sifili ya kai 100 cikin sakan 10. Kilomita 100 a awa kamar mita 28 ne a sakan, ka raba da 10 ka samu 2.8, wato duk sakan guda gudun yana ƙaruwa da mita 2.8 a sakan. Ko kashi ɗaya cikin uku na g bai kai ba, tunda g shi ne 9.8, abin da dutse ke yi in ka sake shi ya faɗo. Kuma tsayawa ma a wurinmu ƙarin gudu ce, ta baya. Ka tuna ranar hawan Sallah in mahaya suka sako dawakai a sukwane za su yi jahi gaban Sarki, su zo dab sai su ja linzami doki ya turje, wanda bai iya zaman sirdi ba sai ka ga ya yi gaba kamar zai bi ta kan wuyan dokin. Abin nan da ya fizge shi, shi ne muke magana a kai. Yanzu ka ɗauki motar nan mai gudun 100, Allah Ya kiyaye, ta daki bishiya ta tsaya cikin mita ɗaya. Lissafi zai ba ka kusan g 39. Gudun bai canza ba, 100 ɗin nan ce dai, lokacin tsayawar ne ya gajarce daga sakanni ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Don Allah ku riƙa ɗaura bel a hanyar nan ko da kuwa direba bai ce ba, aikinshi kenan ya ɗan ja maka lokacin tsayawa, kuma wannan ɗan jan shi ne tsakanin rauni da rasa rai.

Daga nan ma ka ga rabin amsar. Ƙarin gudu rabo ne, canjin gudu a sama, lokaci a ƙasa. Abin da Einstein ya yi a 1905 shi ne ya kafa ma na sama shinge, mita 299,792,458 a sakan, amma na ƙasa bai taɓa shi ba. In ka ga dama ka kai abu rabin gudun haske cikin shekara, in ka ga dama cikin sakan, ko cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan, ka'idar ba ta ce maka uffan ba matuƙar kana da ƙarfin turawa. Duk yadda ka matse lokacin haka rabon ke hauhawa.

Lissafin da ka yi kuwa daidai ne a hisabin Newton, ka raba gudun haske da 9.8 za ka samu sakan miliyan 30.6, wato kwana 354, kusan cif shekarar Hijira, daga wannan Sallah zuwa wata. Dacewa ce kawai fa, kar wani ya ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba, don da a duniyar Mas muke inda g ɗinsu 3.7 ne da wata lamba daban za ta fito. Inda lissafin ya kuɓuce maka shi ne ƙarin gudu iri biyu ne kuma ka haɗe su. Akwai wanda mai kallo daga gida ke aunawa da agogonshi da ma'auninshi, akwai kuma fizgar da matafiyi ke ji a jikinshi, wadda in ya taka sikeli a cikin roka za ta nuna. A ƙaramin gudu irin na mota ko jirgin sama su biyun ɗaya ne shi ya sa a sakandare ba a raba maku su, amma da an doshi gudun haske sai kowa ya kama gabanshi.

Ka ce ga roka tana tura mutum da g ɗaya ba tsayawa, yana zaune yana jin nauyinshi daidai kamar yana gida. Bayan kwana 354 a agogonshi bai kamo haske ba, yana kan kashi 76 cikin 100. Bayan shekara biyu irin wannan, kashi 96.4. Bayan uku, 99.5, a lokacin kuma mu nan gida mun yi shekara 10, sannan in muka auna ƙarin gudunshi za mu ga ya ragu har sau dubu, kamar injin ya kusa mutuwa, alhali shi a ciki sikelinshi bai motsa ba, g ɗaya yake ji kamar ranar farko. Bayan shekara biyar tashi mu mun yi 74, yana kan 99.99, kuma haka zai yi ta yi har abada yana matsowa ba ya isa. In kana so ka gani da idonka danna tanh na 1, 2, 3 da 5 a kalkuletarka, lambobin nan ne za su fito. Saboda haka wanda mai kallo ke gani dole ya yi ta raguwa in tafiya ta yi nisa, amma fizgar da ake ji a jiki, wadda ita ce tambaya ta gaskiya, ko g ɗaya ko g tiriliyan ka'idar ta yarda.

Ka'idar Einstein ta biyu, ta 1915 mai magana kan jan nauyi, ita ma ba ta kawo shinge ba, sai ma ƙara buɗe ƙofa da ta yi. A saman tauraron niyutiron, wato ragowar mataccen tauraro da ya dunƙule ainun, jan ya haura g biliyan 100. A bakin baƙin rami kuwa, wato wurin da jan nauyi ya kai ko haske ba ya iya fitowa, in ka ce za ka tsaya cak kar ka faɗa, fizgar da rokarka za ta buƙata tana ta hauhawa duk taku ɗaya da ka matsa, har a kan bakin kanshi ta zama ba ta da adadi, alhali wanda ya saki jiki ya faɗa ba ya jin turi ko kaɗan.

Tau in doka ba ta hana ba, me ke hanawa? Farko dai shi abin da ake turawa ne ke gazawa. Ranar 10 ga Disamba 1954 wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya hau keken roka a kan layin dogo a jihar New Mexico, ya haura kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin sakan 1.4, fizgar ta kai g 46.2. Ya rayu, amma jini ya cika mashi idanu ya ɗau lokaci bai gani. Ƙarfe ma bai tsira ba. Ka je inda ake gini ka dubi rodi guda mai mita 12, ka ɗaure bakinshi ɗaya ka fizga, bakin da ka kama shi ke ɗauke da nauyin duk sauran, kuma a lissafi wajen g 500 zuwa sama kaɗan zai fara miƙewa kamar cingam ya tsinke. Amma ka lura, duk yadda abu ya ƙanƙance haka yake ƙara juriya, don ba shi da dogon jiki da zai ja a baya. A 2011 masu bincike a Japan sun sa bakteriya a injin juyi na lab har g 403,627 kuma suka ci gaba da hayayyafa a ciki. Wannan duk maganar ƙarfin kaya ce, dokar halitta ba ta shigo ba tukuna.

Inda ta fara shigowa shi ne nan, kuma ka natsu don shi ne zuciyar maganar. In ka daki bakin rodin nan da guduma, ɗaya bakin ba ya sanin an daka nan take, saƙon yana bi ta cikin ƙarfen ne da gudun sauti, kamar kilomita 5 a sakan, sai bayan kashi biyu da ɗan wani abu cikin dubu na sakan yake isa. Ka ƙaddara an samu wani ƙarfe na mafarki da ba ya karyewa, duk da haka saƙon ba zai wuce gudun haske ba. Max Born ya yi nazarin wannan tun 1909, daga baya Wolfgang Rindler ya ƙara fayyace shi, abin da ya fito kuwa abin mamaki ne: in kana so doguwar sanda ta yi ta ƙara gudu ba tare da ta miƙe ko ta takure ba, dole wutsiyarta ta ji fizga fiye da kanta. A g ɗaya bambancin bai kai a kula ba. Amma in ka yi ta ƙara ma kan, abin da ake nema daga wutsiya yana ninkuwa, har a kai inda ko me ta yi ba za ta iya bi ba. Wurin shi ne gudun haske sau gudun haske, a raba da tsawon sandar, c²/L. Ga rodinmu na mita 12 ya kama 7.5 sau 10^15, wato 75 da sifili 14 a bayanta, na mita a sakan duk sakan. Wannan ita ce lamba ta farko, iyaka ce ta gaske kuma daga cikin ka'idar Einstein ta fito, sai dai ta mai tsawo ce. Ka raba rodin biyu iyakar ta ninka. Ka yi ta yankawa tana ta hawa. In abu ɗigo ne marar tsawo kwata-kwata, babu ita.

Ka ga kenan tambayarka ta rikiɗe ta koma wata: shin akwai tsawon da babu ƙasa da shi? In akwai, ƙarin gudu na da iyaka. In babu, babu.

Kafin mu shiga nan bari in gaya maka inda gwaji ya kai, don ni a wurina shi ne alƙali. A 1977 a cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba an sa wasu ƙwayoyin zarra da ake kira miyuwon suna zagaye a zobe mai faɗin mita 14, fizgar da suke sha ta kai wajen g 10^18. Miyuwon in yana zaune sakan 2.2 cikin miliyan yake yi ya mutu, waɗannan suka yi 64, daidai abin da gudunsu kaɗai ya ce za su yi, fizgar ba ta ƙara ba ta rage ba. Furoton da ke zagaye ramin LHC, babban injin CERN mai kilomita 27, sama da sau 11,000 a sakan, in ka lissafa abin da suke ji wurin lanƙwasa ya haura 10^21 na mita a sakan duk sakan, kuma daga nan gaba da wannan ma'auni zan riƙa ba ka fizga, ba da g ba. Ilektiron na tsohon injin LEP da ya yi aiki a wannan ramin har zuwa 2000 sun kai wajen 10^24. Har nan babu alamar wani bango, lissafin Einstein na tafiya sumul.

Lamba ta biyu daga kwantom take. Ilektiron yana da wani tsawo nashi da ake kira tsawon Compton, kamar 3.9 sau 10^-13 na mita, wanda in ka ce sai ka matse shi ƙasa da haka, ƙarfin da za ka zuba ya isa ya haifi wani sabon ilektiron da kishiyarshi fositiron, ka rasa wanne ne naka na asali. Saka wannan tsawon a c²/L, za ka samu 2.3 sau 10^29. Abin sha'awa, ta wata hanya daban ma nan ake fitowa. Julian Schwinger a 1951, bisa aikin da Sauter da Heisenberg da Euler suka fara a shekarun 1930, ya nuna cewa in ƙarfin lantarki ya kai bolt 1.3 sau 10^18 a kowace mita, sararin da babu komai a cikinshi zai fara tsatso da ilektiron da fositiron bibbiyu, su kuma su shanye ƙarfin da ya haife su. Ka lissafa fizgar da ilektiron zai ji a irin wannan wuri, 2.3 sau 10^29 ɗin nan ce dai. Wani masani ɗan Italiya, Eduardo Caianiello, shi ne a 1981 ya fito ƙarara ya ce akwai iyakar ƙarin gudu, daga baya ya kafa hujja da ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg, lambarshi ninki biyu ce ta wannan, 2mc³/ħ, inda m nauyin abu ne, c gudun haske, ħ kuma lambar Planck ta kwantom, kamar 4.7 sau 10^29 ga ilektiron.

Ina girmama aikin Caianiello ƙwarai, tambaya ce mai kyau ya yi tun kafin mutane su damu da ita, amma gaskiya ba na jin daɗi in na ga ana kawo lambarshi kamar wata doka ce tabbatacciya irin gudun haske. Na ɗaya babu gwajin da ya taɓa nuna ta, abin da aka kai a LEP ma saura ninki dubu ɗaruruwa. Na biyu ta dogara da nauyin abu, ta furoton ta fi ta ilektiron sau 1,836, alhali gudun haske ɗaya ne ga kowa da komai, shi ya sa ya zama ginshiƙi. Ita ma lambar Schwinger ana wuce ta, a jikin cibiyar zarrar yuraniyom ƙarfin lantarki ya ninka ta sama da sau dubu, sai dai a ɗan wuri ƙanƙane ne da bai isa sarari ya tsage ba. Abin da ni na fahimta game da 10^29 shi ne a nan kalmar ƙarin gudu kanta ke rasa ma'ana. Kafin ka ce abu ya ƙara gudu sai ka san ga shi nan, ga hanyar da ya bi, ga gudunshi ɗazu ga na yanzu. A wannan mataki ilektiron ba shi da hanya guda da za ka bi da yatsa, kuma ɗayan da ka fara da shi ya zama uku ya zama biyar, tau na wa za ka auna?

Akwai wani abu kuma da ke sa masana zargin cewa can sama akwai magana. William Unruh a 1976, bayan Fulling da Davies, ya nuna a lissafi cewa mai shan fizga in ya ratsa sararin da kowa ke gani wayam kuma sanyi ƙalau, shi zai ji shi da ɗumi, kuma ɗumin na tafiya kafaɗa da kafaɗa da fizgar. Ɗan kaɗan ne ainun, kafin ka samu digiri ɗaya tal a ma'aunin Kelvin sai ka kai 2.5 sau 10^20, shi ya sa har yau ba a kama shi a lab kai tsaye ba duk da yawancin masana sun yarda da lissafin. Amma ka bi shi zuwa sama ka gani, duk abin da kake turawa zai kai inda zafin da yake ji ya isa ya narkar da shi ko da me aka yi shi.

Lamba ta uku ita ce ta ƙarshe da za ka gani a littattafai. A 1899 Max Planck ya haɗa gudun haske da lambar jan nauyi ta Newton da tashi lambar, ya fitar da wani tsawo, 1.6 sau 10^-35 na mita. Saka shi a c²/L ka samu 5.6 sau 10^51, a nan zafin Unruh ya haura digiri 10^31. Mutane da yawa na cewa wannan ce iyakar, kuma in har akwai iyaka ta kowa da kowa ni ma nan zan fi zato. Carlo Rovelli da Francesca Vidotto sun wallafa aiki a 2013 inda suka nuna cewa a cikin ka'idarsu, wadda ke ɗaukar sarari a matsayin abu mai ƙwaya-ƙwaya da ba ya yankuwa har abada, iyakar ƙarin gudu tana fitowa da kanta, kuma in haka ne har matsalar tsakiyar baƙin rami inda lissafi ke fashewa za ta warware. Sai dai ita wannan ka'ida ba a tabbatar da ita da gwaji ba, kuma tsawon Planck shi kanshi ba wanda ya auna shi, haɗa lambobi aka yi ya fito. Abin da yake nunawa tabbas shi ne wurin da ka'idar Einstein da ta kwantom dole su yi aiki tare, kuma a yadda suke yanzu ba sa jituwa a can. Tsakanin 10^24 da aka taɓa da 10^51 akwai sifili 27, duk wanda ya ce maka ya san abin da ke can da yaƙini ya wuce abin da hujja ta ba shi.

In a jarrabawa aka tambaye ka, rubuta cewa rilatibiti, wato ka'idar Einstein, ba ta sa iyaka ga fizgar da ɗigon abu zai ji ba, ta sa c²/L ga abu mai tsawo, sauran kuma hasashe ne da ake kan bincike. In kuma sha'awar abin ce ta kama ka har kana tunanin digiri na biyu, ɓangaren da ke motsi yanzu shi ne na leza, don lamba ta biyun nan an fara hango ta. A 2021 wata cibiya a Koriya ta Kudu ta tattara hasken leza har wat 10^23 a kan santimita murabba'i ɗaya, ana buƙatar wajen 10^29 kafin a kai matakin Schwinger, saura ninki miliyan kenan. Dabarar da ake yi don a rage tazarar ita ce a harbo ilektiron mai tsananin gudu ya yi karo da hasken gaba da gaba, don shi a wurinshi ƙarfin hasken ninkuwa yake yi. An fara gwada haka a cibiyar SLAC ta Kalifoniya, a 1997 suka ba da rahoton fositiron kamar guda ɗari da suka fito daga karon haske da haske, yanzu kuma akwai gwajin E-320 a can SLAC ɗin da wani mai suna LUXE da ake shiryawa a Hambug ta Jamus, duka so suke su kai ilektiron inda ƙarfin da yake ji a jikinshi zai kamo lambar Schwinger har ya gota ta, a ƙirga abin da ya fito a gwada da lissafi.